Mutum aka ƙirga ko takarda? Muhawara kan alƙaluman ƙaura da neman mafaka

Rabi'u: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu aiki da ƙididdiga ce. Lambobi uku ake yawo da su kan masu neman mafakar da suka shiga Jamus a 2015. Wani ya ce miliyan 1.1, wani ya ce 890,000, wani kuma 476,649, kuma dukansu daga hukumomin Jamus suka fito. Wanne ne na gaskiya? Wanne kuma ya kamata a yi kasafin gidaje da makarantu da shi?

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam Malam Rabi'u. Babu na ƙarya a ciki, abu uku daban-daban aka ƙirga.

Miliyan 1.1 ɗin daga manhajar EASY ya fito, wadda aka gina don raba sababbin zuwa tsakanin jihohin Jamus 16. A lokacin ba ta ɗaukar suna ko zanen yatsu, ƙasar mutum kawai da adadin kawuna. Wanda aka rubuta a kudu ya hau jirgin ƙasa ya sauka a arewa aka sake rubuta shi, ya zama mutum biyu. Wanda ya kwana uku ya zarce Suwidin yana nan a lissafi. Da aka tace, ministan cikin gida Thomas de Maizière ya sanar a Satumba 2016 cewa mutum 890,000 ne.

Shi kuwa 476,649 ba mutanen da suka shigo ba ne, takardun neman mafaka ne da hukumar ƙaura da 'yan gudun hijira ta Jamus, BAMF, ta samu damar karɓa a shekarar. A ciki ma 441,899 ne na karon farko, sauran na waɗanda suka sake nema ne. Layi ya yi wa hukumar yawa, dubban ɗaruruwan da suka iso a kakar 2015 ba su samu shigar da takarda ba sai a 2016. Shi ya sa 2016 ta nuna 745,545. Duk wanda ya zana jadawali da takardu zai rantse cewa 2016 ce shekarar da aka fi kwarara, alhali tun Maris ɗin shekarar aka rufe hanyar Balkan da masu neman mafaka ke bi daga Girka, Tarayyar Turai kuma ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya.

Malam Isiyaku: Dakta ta gama da rabin farko. Rabi na biyu kuwa amsarsa ita ce babu ko ɗaya cikin ukun. Dukansu ruwan da ke gangarowa ne, shi kuwa mai gina aji ruwan da ya kwanta a tafki yake son sani: yau, a wannan gunduma, yara nawa ne 'yan shekara 6 zuwa 15 suke kwana a nan, nawa ne kuma ake sa ran za su kai baɗi. Wannan daga rajistar mazauna ake ciro shi, gunduma-gunduma, da shekarun haihuwa, ba daga lambar da minista ya karanta ba.

Ko rabon da ake yi wa jihohi bai kalli buƙatar aji ba. Ma'aunin Königstein ake bi, kashi biyu cikin uku harajin da jiha ke tarawa, kashi ɗaya yawan jama'arta. North Rhine-Westphalia na ɗaukar wajen kashi 21 cikin ɗari, Bremen ƙasa da kashi 1. Ma'aunin bai san inda gidajen haya ke da yawa ba, bai san inda ake neman ma'aikata ba. Asalinsa ma don raba kuɗin cibiyoyin bincike aka ƙirƙire shi.

Rabi'u: To na Frontex fa, hukumar tsaron iyakokin Tarayyar Turai? Miliyan 1.8 suka ce a 2015, wasu kuma na cewa miliyan ɗaya da 'yan kai ne suka shigo Turai ta teku.

Dakta Hadiza: Frontex tsallaka iyaka take ƙirgawa, ba mutum ba. Ka buɗe taswira. Mutum ya sauka a tsibirin Girka, an ƙirga ɗaya. Ya fita daga Tarayyar Turai ya ratsa Masedoniya da Sabiya, ya sake shiga tarayyar ta Hangari ko Kuroshiya, an ƙirga biyu. Hukumar da kanta ta amsa cewa akwai maimaici. Laifin na masu ɗauko lambar ne su sa mata kalmar "mutane" a kanun labari.

Zainab A.: Ni abin da nake so a fayyace shi ne ma'anar "ɗan ƙaura" kanta. Ƙasa biyu sai su ba da lambobi daban kan mutanen da suka tashi daga ɗaya zuwa ɗayar.

Malam Isiyaku: Shawarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1998 ta ce ɗan ƙaura na dogon zango shi ne wanda ya sauya ƙasar zamansa na aƙalla wata 12, na gajeren zango kuma wata 3 zuwa 12. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 862/2007 ta ɗauki wata 12 ɗin. A takarda ke nan. A aikace kowace ƙasa da inda take ɗebo ruwanta: wata rajistar mazauna, wata izinin zama, wata tambayar matafiya a filin jirgi.

Babbar ɓarakar kuwa a wajen fita take. Mai shigowa dole ya yi rajista, don ba zai samu asusun banki ko inshorar lafiya ba sai da ita. Mai fita kuwa me zai kai shi ofis ya ce a goge sunansa? Sai suna ya zauna a littafi shekara da shekaru, mai sunan na can wata nahiya. Ƙidayar Jamus ta 2011 ta samu mutum miliyan 1.5 ƙasa da abin da ake zato, kuma wajen miliyan 1.1 na giɓin baƙi ne. Shi ya sa in kana son sanin waɗanda suka bar ƙasa kaza, ka je littafin ƙasar da suka sauka, ka kwatanta da na ƙasar da suka baro. Na mai karɓa ya fi kusa da gaskiya kusan kullum.

Barista Nura: Birtaniya ba ta da rajistar mazauna ma sam. Shekaru da yawa da tambayar matafiya ta dogara, a tare mutum a filin jirgi ko tashar ruwa a ce wata nawa kake niyyar yi. Niyya kuwa ba zama ba ce. A 2019 ofishin ƙididdigarsu ya sauke darajar waɗannan alƙaluma, ya amsa cewa an rage 'yan Tarayyar Turai an kuma ƙara wa na wajenta. Bayan sun koma kan bayanan biza da na haraji ma tsugune ba ta ƙare ba. Rarar masu shiga a kan masu fita ta 2022 an fara cewa 606,000, bayan wata shida aka ce 745,000, daga baya ta haura 800,000. An riga an yi rigimar siyasa a kan lambar farko an tashi.

Malam Tukur: Allah ya gafarta malamai, duk wannan naku gyaran lissafi ne, kuma lissafi in an gyara ya gyaru. Inda nake ganin haɗari shi ne inda aka ɗauki lamba aka sa ta cikin doka, ta zama ƙofa. Misali biyu. A Satumba 2015 Tarayyar Turai ta amince a kwashe mutum 160,000 daga Italiya da Girka zuwa sauran ƙasashe, amma sai 'yan ƙasar da kashi 75 cikin ɗari na masu nemansu ke samun kariya. Ana sabunta lambar duk wata uku. 'Yan Siriya da Eritiriya sun shiga. 'Yan Iraƙi sun shiga da farko, a 2016 lambarsu ta sauka ƙasa da 75 suka fita. 'Yan Afganistan ba su taɓa shiga ba. A ƙarshe wajen 35,000 kawai aka kwashe.

Na biyu shi ne sabon kundin dokokin ƙaura da mafaka na Tarayyar Turai na 2024 da aka tsara ya fara aiki a Yuni 2026. Wanda ya fito daga ƙasar da kashi 20 ko ƙasa da haka ke samun kariya, a bakin iyaka za a duba takardarsa, cikin mako 12. Wato makomar mutum ta rataya a kan lambar da mu nan muka san yadda take rawa.

Zainab A.: Yaya take rawa? Ai waɗanda aka amince da su ne a raba da waɗanda aka yanke wa hukunci. Ina wuyar?

Dakta Hadiza: Wuyar na cikin lambar sama da lambar ƙasa duka, ƙanwata, wato wadda ake rabawa da wadda ake raba ta da ita. Bari in ƙirƙiro misali, ba na wata ƙasa ba ne. An rufe fayil 1,000. An ba 180 kariya, an ƙi 520 bayan an saurare su, 300 kuma an rufe ba tare da an duba hujjarsu ba, ko don sun janye, ko sun ɓace, ko an ce wata ƙasa ce ke da alhakinsu bisa ƙa'idar Dublin ta Tarayyar Turai. Ka raba 180 da 1,000, kashi 18 ke nan, ƙasa da ƙofa. Ka cire 300 ɗin ka raba 180 da 700, kashi 25.7, sama da ƙofa. Fayil ɗaya, ofis ɗaya, shekara ɗaya. A Jamus lambobin biyu duka suna yawo, gwamnati na faɗin ta farko, ƙungiyoyin kare 'yan gudun hijira na faɗin wadda aka tace. Kafin ka ɗauki kowace, ka karanta takardar bayanin da ke tafe da jadawalin ka ga me aka yi da waɗannan 300 ɗin.

Lambar sama ma kala uku ce. Akwai matsayin ɗan gudun hijira na yarjejeniyar 1951, akwai kariya ta biyu ga wanda yaƙi ko azabtarwa ke jiransa, akwai izinin jin ƙai da kowace ƙasa ke bayarwa da dokarta. 'Yan Benezuwela a Sifaniya mafi yawansu na ukun suke samu. In ka haɗa da shi sai ka ga kusan kowa an bar shi ya zauna, in ka cire shi sai ka ga kamar kusan kowa an ƙi. Ƙofar kashi 20 kuwa biyun farko take kallo.

Barista Nura: Ki ƙara da kotu, Dakta. Lambar ta hukuncin matakin farko ce. Wanda hukuma ta ƙi, kotu ta ba shi bayan shekara biyu, a jadawalin farko har abada "an ƙi" ne. Nasararsa tana wani jadawali, a wata shekara, kuma ba za ka iya haɗa su da hannu ba don ba mutanen shekara ɗaya ba ne. Dokar ta 2024 ta bar 'yar kafa, gaskiya. Ta ce in yanayin ƙasar ya sauya sosai, ko mutumin na cikin rukunin da lambar ba ta wakiltarsa, ana iya kauce mata, kuma a yi la'akari da babban bambanci tsakanin hukuncin farko da na ƙarshe. Amma jami'in da ke bakin iyaka da layi a gabansa, lamba ce a allonsa, kafar kuwa sai lauya ya nuna masa ita.

Hajiya Bilki: Ban yarda da ku gaba ɗaya ba. Me kuke so a yi, a tantance ba ma'auni? Ofishin da ke da fayil dubu ɗari dole ya jera su ta wata hanya. In ba lamba ba, to son ran jami'i ne ko jerin ƙasashen da 'yan siyasa suka rubuta a ɗaki. Lambar Eurostat, ofishin ƙididdigar Tarayyar Turai, aƙalla kowa na iya saukewa ya duba. Kuma ku tuna ƙofar ba hukunci ba ce, layin da za ka bi take zaɓa maka. Ana sauraronka a kowane layi.

Malam Tukur: Hajiya, ranki ya daɗe, layin yana taɓa hukuncin. Mako 12 a tsare a bakin iyaka, lauya da ƙyar, ba lokacin kawo takardar likita ko shaida daga gida. Sakamakon wannan layi zai fi karkata ga ƙi. Ƙin zai shiga jadawalin baɗi ya ƙara danne lambar ƙasar. Lamba ta haifi hukunci, hukunci ya haifi lamba. Ƙasar da ta faɗa ƙasa da 20 da wuya ta sake hawa ko da abubuwa sun lalace a can.

Sannan matsakaicin dukan tarayya ne. A 2016 'yan Afganistan a Bulgeriya ƙasa da kashi 5 suke samun kariya, a Italiya sama da kashi 80. Ƙasar asali ɗaya, yaƙi ɗaya. Matsakaicin waɗannan ba Afganistan yake aunawa ba, yana auna wace ƙasa ce ta fi yanke hukunci da yawa a shekarar. Babbar ƙasa ɗaya ta sauya umarnin cikin gida ga jami'anta, lambar tarayya duka ta motsa.

Hajiya Bilki: Wannan na zagayen na karɓa, hujja ce. Amma maganinsa auna shi ne, ba jefar da ma'auni ba. A wallafa sakamakon layin iyaka daban da na layin cikin gari, ƙasa-ƙasa, a kuma lissafa ƙofar da na cikin gari kawai ko da hukuncin ƙarshe. In aka ga tazara mai faɗi ga mutanen ƙasa ɗaya, an kama zagayen da hannu. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Dakta Hadiza: Abin da zai raba gardamar nan shi ne bin ayari. Ka ɗauki duk wanda ya shigar da takarda a shekara kaza, ka ba kowa lamba ɗaya da ba ta sauyawa, ka bi su. Bayan wata 6, 12, 24, 36 ka rubuta nawa suka samu a matakin farko, nawa a kotu, nawa ke jira, nawa suka fita, nawa ba a san inda suke ba. Ma'aikatar cikin gidan Birtaniya na wallafa irin wannan, kuma a can ake ganin yadda lambar ke hawa bayan ɗaukaka ƙara. Abin da ke hana ƙasashe da yawa shi ne kwamfutar hukumar mafaka da ta kotu da ta 'yan sandan iyaka ba lamba ɗaya suke ba mutum ba. Sai a koma haɗawa da suna da ranar haihuwa, nan kuwa ake yin kitso da ƙwarƙwata. Muhammad a wannan fayil, Mohamed a wancan, Mohammed a na uku. Ranar haihuwa kuma ka jera ta a allo ka gani: 1 ga Janairu, 1 ga Janairu, 1 ga Janairu, shafi guda, domin duk wanda bai zo da takarda ba ita jami'i ke rubuta masa. Manhajar da ke haɗawa da suna da rana za ta dunƙule mutum biyar su zama ɗaya, ta kuma tsaga ɗaya ya zama uku.

Rabi'u: Ikon Allah. To Eurodac, rumbun zanen yatsun masu neman mafaka na Tarayyar Turai, ba ta magance wannan ba?

Barista Nura: Ta magance wani ɓangare. Tun 2003 take ajiye zanen yatsu, daga shekara 14 zuwa sama, sabuwar doka ta sauko da shi zuwa 6 ta ƙara hoton fuska. Amma don gano ƙasar da ke da alhakin mutum aka gina ta, kuma tsohon tsarinta takardu yake ƙirgawa. Ɗaya daga cikin gyare-gyaren 2024 shi ne a ɗaure duk bayanan mutum ɗaya wuri guda don a iya ƙirga mutane. Lambar "masu nema karon farko" ta Eurostat ma karon farko ne a wannan ƙasar. Wanda ya nema a Hangari ya sake nema a Jamus sau biyu ya fito a jimillar tarayya.

Wani abin da ake mantawa: 'yan Yukren sama da miliyan 4 da ke ƙarƙashin kariyar wucin gadi tun Maris 2022 ba sa cikin jadawalin neman mafaka kwata-kwata. Wanda ya auna nauyin da ke kan Folan ko Jamhuriyar Cek da takardun mafaka zai ce ba su ɗauki komai ba.

Zainab A.: A koma kan sajewa da jama'ar ƙasa. Kullum sai a ce kashi kaza na 'yan gudun hijira ne kawai ke aiki. Nawa ne za a yarda da shi a ciki?

Malam Isiyaku: Lambar da ba ta faɗi shekara nawa mutum ya yi a ƙasar ba, ki ajiye ta. In ayari babba ya iso bana, kashin masu aiki zai faɗi ko da kowane tsohon zuwa ya samu aiki, don an zuba sababbi a lambar ƙasa, waɗanda doka ma ba ta ba su izinin aiki ba tukuna. Binciken 'yan gudun hijira da BAMF da wasu cibiyoyin bincike suka fara a Jamus a 2016 mutane ɗaya yake komawa wa kowace shekara, ya kuma nuna kusan rabi na aiki bayan shekara biyar da isowa, lambar na ci gaba da hawa bayan nan. Amma in aka raba maza da mata tazarar babba ce ƙwarai, kuma a nan manufa take: wurin renon yara, da ajin harshe a lokacin da uwa za ta iya zuwa. Jimilla ɗaya ta ɓoye wannan.

Tarko uku kuma. A ma'anar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ya yi aikin awa ɗaya na biya a makon da aka tambaya "mai aiki" ne, don haka a nemi awanni da albashi da ko aikin ya dace da karatunsa. Binciken ƙwadago na gida-gida a yawancin ƙasashe ba ya shiga sansani ko masaukin haɗaka, wato waɗanda suka fi shan wuya ba sa ciki, kuma in takardar tambaya da harshen ƙasa kawai take, waɗanda suka iya harshen ne za su amsa. Na ukun ya fi dabara. In kana aunawa da "baƙo" a ma'anar fasfo, duk wanda ya yi nasara ya samu takardar zama ɗan ƙasa ya fice daga rukunin. Kana kwashe na kirki kana auna saura, sai ka ce shekara ashirin ba ci gaba. A auna da ƙasar haihuwa, ita ba ta sauyawa.

Dakta Hadiza: Ga misalin inda alƙaluma suka yi aikin da ya kamata. Suwizalan na rarraba masu neman mafaka ga yankunanta bisa yawan jama'a, ba tare da zaɓin mutum ba, sai ya zama kamar gwajin da ba a shirya ba. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya duba waɗanda suka nema tsakanin 1994 da 2004, ya gano cewa kowace ƙarin shekara ta jiran hukunci na rage yiwuwar samun aiki da maki 4 zuwa 5 cikin ɗari. Wannan lamba ce da ministan kuɗi zai iya aiki da ita: albashin ƙarin jami'an duba fayil a hannu ɗaya, tallafin da za a ci gaba da biya da harajin da aka rasa a ɗaya hannun.

Malam Tukur: Hasashe kuwa a riƙe shi da hannu biyu. Kafin faɗaɗa Tarayyar Turai a 2004 an yi wa gwamnatin Birtaniya hasashen rarar mutum 5,000 zuwa 13,000 a shekara daga sababbin ƙasashe. Lissafin ya ginu a kan cewa sauran manyan ƙasashe, musamman Jamus, su ma za su buɗe kasuwar aikinsu. Ba su buɗe ba, Birtaniya da Ayalan da Suwidin ne kawai. Sharaɗin na cikin rahoton, lambar ce ta fita ta bar shi. Duk hasashen da za a miƙa wa mai yanke shawara a rubuta "in kaza ya faru" a jimla ɗaya da lambar, ba a shafi na arba'in ba.

Rabi'u: Na laifuka fa? Nan ne aka fi tayar da jijiyar wuya.

Barista Nura: Abu uku ka duba. Littafin 'yan sanda waɗanda ake zargi yake ƙirgawa, ba waɗanda kotu ta kama ba. A lambar sama akwai 'yan yawon buɗe ido da masu wucewa, waɗanda ba sa cikin lambar ƙasa ta mazauna, akwai kuma laifukan da ɗan ƙasa ba zai iya yi ba, kamar zama ba izini. Sannan ayarin masu neman mafaka samari sun fi yawa a ciki, samari kuwa a kowace al'umma su suka fi shiga littafin. A kwatanta saurayi da saurayi. In bayan an yi haka tazara ta rage, a faɗe ta yadda take, ɓoyewa ma ɓata lissafi ne.

Hajiya Bilki: Ina jin kowa na cewa a ƙara tattarawa, a haɗa kwamfuta da kwamfuta, a ba kowa lamba ɗaya. A yi hattara. Rajistar jama'ar Holan kafin yaƙin duniya na biyu tana cikin mafi tsafta a Turai, har da addinin kowa, kuma ita 'yan mamayar Nazi suka samu a shirye. Wajen kashi uku cikin huɗu na Yahudawan ƙasar aka kashe. A 2021 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan adam ta Human Rights Watch ta yi zargin cewa bayanan 'yan Rohingya da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta tattara a Bangaladash sun isa hannun gwamnatin Myanmar ba tare da mutanen sun fahimci abin da suka amince da shi ba. UNHCR ta musanta cewa ta karya ƙa'idarta, amma darasin na nan. Ƙa'idar aiki ita ce ofishin ƙididdiga ya karɓi fayil bayan an cire suna an sa lambar ɓoye, mabuɗin na hannun wani ofis daban, kuma abin da ya shiga don ƙididdiga ba ya komawa ga mai kama mutane. Eurostat ma zagaye lambobin mafaka take yi zuwa 5 mafi kusa, don kada a gane mace ɗaya tilo 'yar ƙasa kaza da ta nema a wata kaza.

Malam Isiyaku: Haka ne Hajiya, sai dai rashin tantancewa ma na da nasa. A 2018 aka sake tantance 'yan gudun hijirar Yuganda da zanen yatsu, miliyan 1.4 da ke littafi suka koma wajen miliyan 1.1. Labanan kuma akasin haka: a 2015 gwamnati ta sa UNHCR ta dakatar da rajistar sababbin 'yan Siriya, lambar ta tsaya cak tana raguwa a takarda, mutane na nan ana haihuwa. Inda kuɗin agaji ke bin kai, lamba na kumbura. Inda gwamnati ke son a ce sun ragu, tana motsewa. Ka tambayi wa ke cin ribar lambar kafin ka tambayi yadda aka haɗa ta.

Zainab A.: Saura ɗaya da ba a taɓa ba. Hukumar Tarayyar Turai na yawan cewa kusan ɗaya cikin biyar ne kawai na waɗanda aka umarta su fita suke fita. Ita ma da lauje cikin naɗi?

Dakta Hadiza: Ƙarama ce da gaske, wannan ba a musu, amma ba a san ƙanƙantarta daidai ba. Waɗanda suka fita bana ake rabawa da umarnin da aka bayar bana, alhali mai fita bana wataƙila umarnin shekara uku baya ne a kansa. Mutum ɗaya na iya karɓar umarni a ƙasa biyu ko uku. Wanda ya tattara kayansa ya tafi da kansa bai gaya wa kowa ba, ba ya cikin lambar sama. Wanda kotu ta soke umarninsa ko ya samu izini ta aure ko aiki yana nan a lambar ƙasa. Wasu ƙasashen kuma na ba duk wanda aka kama umarni nan take, wasu sai an gama shari'a, don haka jera su a jadawali ɗaya a ce wannan ta fi waccan ƙoƙari zalunci ne ga lissafi.

Rabi'u: To in mutum na da wannan jadawalin kawai, kuma gobe ake son takardarsa?

Dakta Hadiza: Ya rubuta lambobin biyu daban, umarni kaza, fita kaza, na shekara biyar a jere, kada ya raba ɗaya da ɗaya. A ƙarƙashi ya sa ranar da ya sauke jadawalin, don Eurostat na gyara na baya ba tare da shela ba, wanda ya duba bayan wata uku zai iya samun wata lambar ya ce ƙirƙira aka yi.

Malam Tukur: Ya kuma cire waɗanda aka mayar wata ƙasar tarayya daga waɗanda aka mayar ƙasarsu. Shafi biyu ne daban a jadawalin, ana yawan ɗaukar na farko a zaci na biyu ne.